Masu Ƙofa da Masu Hanya: Kasuwancin Kwatano Daga Gurguzu Zuwa Kasuwa

Galibin tirelolin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa arewa, ta Godomey suke bi. A nan hanya ta rabu biyu, ɗaya ta yi yamma zuwa Ouidah da Lome, ɗaya ta miƙe ta ratsa Abomey-Calavi da Bohicon da Parakou har Malanville, inda gadar kogin Kwara ta haɗa Benin da Gaya ta ƙasar Nijar. A takarda Godomey yanki ne na Abomey-Calavi, amma Kwatano ta daɗe da cim masa, kuma ƙidayar 2013 ta sami mutum fiye da 250,000 a cikinsa. Unguwar Zango kuwa tana can cikin gari, kusa da tashar jirgin ƙasa, ba nisa da bakin ruwa, inda Hausawa da Zabarmawa da Dandawa da sauran mutanen arewa suka yi masauki tun zamanin Faransawa. Buhun shinkafa guda da ya wuce Godomey ya riga ya ratsa hannun masu dukiya iri-iri. Jirgin da ya kawo shi na kamfanin ƙetare ne, tashar ta gwamnati ce, wanda ya yi odar kayan wataƙila ɗan Labanan ne ko Bayarben Porto-Novo, motar ta wani Alhaji ce a Dosso ko Ƙonni, wanda ya ƙulla cinikin kuma dillali ne da ba shi da ofis ba shi da rajista, sai waya da sanayya.

Yadda aka saba ba da tarihin tattalin arzikin Benin, zango biyu ne kawai: a 1974 gwamnati ta ƙwace komai da sunan gurguzu, a 1990 ta saki komai da sunan kasuwa. Wannan labari yana da daɗin faɗa, amma ya ɓoye abin da ya faru. Kamfanin gwamnati da kamfanin baƙi da babban attajiri na kusa da fada da kuma gidan fatauci irin na Zango ba su gaji juna ɗaya bayan ɗaya ba. Tare suke tun farko, kowanne yana ci daga jikin ɗan'uwansa. Abin da ke sauyawa shi ne wanda ke riƙe da ƙofa, wato tashar ruwa da banki da lasisin shigo da kaya da masana'anta. Hanyar da kayan ke bi bayan sun fita ƙofar, da amanar da ke tafiyar da su, ba su taɓa shiga hannun gwamnati ba, saboda haka ba ta da abin sayarwa a nan ranar da ta tashi gwanjon kadarorinta.

Gidan fatauci ya girmi sauran ukun. A ƙarni na 19 ayarin goro daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga ta ƙasar Gonja ta Bargu yake ratsawa, yana yada zango a Nikki da Parakou da Djougou, garuruwan da ke arewacin Benin ta yau. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne jigon wannan fatauci, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya nuna. Tsarinsa sananne ne: madugu ya ja ayari ya daidaita da sarakunan hanya kan kuɗin wucewa, maigida a zango ya saukar da baƙo ya adana masa kaya ya tsaya masa a kan bashi, dillali ya haɗa ciniki ya karɓi la'ada, yaran gida su yi ta kai da kawo har ranar da za a yaye su da jari. Dukiyar irin wannan gida ba gini ba ce, suna ne. Mutum ya ci amana a Djougou, labari ya riga shi isa Kano. Tun a lokacin ma fatake sun san akwai mai ƙofa, domin ba ayarin da ke wuce Nikki bai gaida sarki ba, kuma ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin abin da zai hana ciniki ba. Kuɗi ne da ake lissafawa cikin tsadar kaya.

Mulkin mallaka ya juya akalar hanyar, daga gabas da yamma ta koma kudu da arewa. Layin dogo ya isa Parakou a 1936, ya tsaya nan bai ƙarasa Nijar ba, tashar ruwa mai zurfi ta buɗe a Kwatano a 1965. Manyan kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA da John Walkden suka riƙe shigo da kaya, amma ba su iya kai atamfa da gishiri da sukari ƙauye da kansu ba, sai suka riƙa ba da kaya bashi ga matan kasuwa da fataken da suka san hanya. Haka aka yi a Kano, inda Alhassan Dantata ya zama mai saya wa UAC gyaɗa. A shekarun 1950 Faransawa suka kafa tsarin da suka kira Hirondelle don janyo gyaɗar Nijar ta biyo ta Dahomey maimakon Kano da Legas: jirgin ƙasa na hukuma ya yi rabin tafiya, motocin 'yan kasuwa su ƙarasa daga Parakou. Ga hukuma, ga kamfanin baƙi, ga mai mota, ga dillali, duk a kan buhu ɗaya, tun kafin a san za a yi gurguzu.

Mathieu Kérékou ya karɓi mulki ranar 26 ga Oktoba 1972. Ranar 30 ga Nuwamba 1974 ya shelanta a Abomey cewa ƙasar ta rungumi aƙidar Markisanci, bayan shekara guda aka sauya sunan Dahomey zuwa Jamhuriyar Jama'ar Benin. Sai a dubi abin da gwamnati ta karɓe. Gidajen man Shell da Total da Texaco da Mobil da sauransu aka haɗe su aka kafa SONACOP. Bankuna suka koma uku, duka na gwamnati: BCB na kasuwanci, BBD na raya ƙasa, CNCA na manoma. Inshora da lantarki da ruwa da kamfanin giya da sauke kaya a tashar ruwa duk suka shiga hannun hukuma, aka kuma ba kamfanoni irin su AGB ikon shigo da wasu kayan masarufi. Kowanne daga cikin waɗannan abu ne mai gini da littafin lissafi da mukulli, wanda soja zai iya zuwa ya tsaya a bakin ƙofarsa. Kasuwar Dantokpa ba a mayar da ita kantin gwamnati ba. Mai tumaki a Zango da ɗan canji a Jonquet da mai gwanjo a Missèbo ba wanda ya ƙwace musu jari, domin babu wurin da jarin yake a tare da za a sa masa hannu.

Har ila yau akwai dalilin da ya fi wannan ƙarfi: gwamnatin ba za ta rayu ba in ba su. Shekarun da Kérékou ya yi gurguzu su ne shekarun da kuɗin fetur ya cika Najeriya, kuɗin yuraniyom ya shiga Nijar. Najeriya tana da kuɗi da jama'a, tana kuma ɗora haraji mai nauyi ko haramci a kan kayan waje don kare masana'antunta. Benin tana da tashar ruwa da sefa, kuɗin da Faransa ta tsaya masa, ana canza shi ko'ina, alhali naira ba ta fita sai da izini. Sai Kwatano ta sassauta harajinta, kaya su sauka bisa doka, kwastan ya karɓi rabonsa, sannan su ɓace ta Igolo ko Seme ko ta arewa. Tun a farkon shekarun 1970 Dahomey ta riƙa fitar da koko zuwa Turai, ita da ba ta noma shi a bakin komai, na Yarbawan Najeriya ne da ke gudun farashin hukumar sayen amfanin gona. Masanan ƙasar John Igué da Bio Soulé sun rubuta littafi a 1992 suka kira Benin ƙasa mai zaman sito, kuma sunan ya bi ta. Gwamnatin da ke zagin jari-hujja a rediyo da kuɗin kwastan na 'yan kasuwa take biyan albashi. Kamfanin gwamnati mai lasisi yana buƙatar wanda zai kwashe kayan ya haura da su iyaka, ɗan kasuwa yana buƙatar sa hannun darakta, darakta kuma yana da ƙane ko mata da ke da shago. A wannan mahaɗa aka haifi nau'i na huɗu, attajirin da jarinsa na farko kusanci ne da hukuma.

Ba a Benin kaɗai aka ga haka ba. A Nijar an kafa Copro-Niger da SONARA a 1962, ɗaya don shigo da kayan masarufi ɗaya don sayen gyaɗa, da niyyar rage ƙarfin kamfanonin Turawa. Waɗanda suka fi cin moriyarsu su ne Alhazan Maraɗi, da suka zama masu saya da rarraba musu, daga baya kuma suka gina arzikinsu kan tura taba da yadi zuwa Najeriya, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa na 1986. Yawancin wannan kaya ta Kwatano yake shigowa.

Gurguzun Benin bai faɗi don 'yan kasuwa sun yaƙe shi ba. Ya faɗi ne lokacin da cinikin da ke ciyar da shi ya ja baya. Farashin fetur ya karye a farkon shekarun 1980, Najeriya ta kori baƙi a 1983, gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a Afrilun 1984 ba a buɗe ba sai 1986, a shekarar kuma aka fara karya darajar naira. Kuɗin kwastan ya ragu, asarar kamfanonin gwamnati ta fito fili. Masana'antar siminti ta Onigbolo da ta sukari ta Savè, waɗanda Benin da Najeriya suka haɗa hannu suka gina da sa ran kasuwar Najeriya, suka zama kaya a wuya. Bankunan uku sun riga sun rabar da ajiyar jama'a bashi ga kamfanonin hukuma da manyan mutane da ba sa biya, tsakanin 1988 da 1989 duka suka durƙushe. Mai ajiya ya je ya tarar ba kuɗi, ma'aikata suka yi watanni ba albashi, malamai da ɗalibai suka shiga yajin aiki. A wannan lokaci na wahala an ga wane ne ke tsaye da ƙafarsa. Wanda dukiyarsa ke cikin buhu da garke da adashe da bashin da ke hannun amintattu ya ci gaba da ciniki. Ma'aikacin da albashi ya yanke wa da matashin da ya gama makaranta ba aiki suka hau babur, sana'ar zemijan ta cika Kwatano, kuma man da suke sha na kwalba ne na bakin titi, wanda ake kira kpayo, ɗan'uwan na 'yan bumburutu, da ake tsallakowa da shi daga Najeriya. A lokacin SONACOP tana da ikon sayar da mai ita kaɗai a doka, a titi kuwa ta zama ƙaramin ɗan kasuwa.

Sai aka shiga sauyi. A 1989 gwamnati ta sa hannu kan shirin gyaran tattalin arziki da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, a Disambar shekarar ta ajiye Markisanci. Daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu 1990 aka yi babban taron ƙasa a otal ɗin PLM Alédjo ƙarƙashin jagorancin babban limamin Katolika Isidore de Souza, Nicéphore Soglo wanda ya yi aiki a Bankin Duniya ya zama firaminista, a 1991 ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Wannan taro abin alfahari ne ga Benin, ƙasashe da dama sun kwaikwaye shi, har da Nijar a 1991. Amma in ana maganar dukiya, tambayar ita ce wa ya saya. Kamfanin giya ya tafi hannun rukunin Castel na Faransa. Onigbolo aka ba da hayarta a 1999 ga haɗin gwiwar da kamfanin Lafarge ke ciki, Savè kuma a 2003 ga kamfanin Complant na ƙasar Sin, wanda shi kansa na gwamnati ne, wato kadarar wata gwamnati ta koma hannun wata gwamnatin da sunan kasuwa. Gurbin bankunan da suka mutu sababbi suka cike shi, irin su Bank of Africa da Ecobank, masu jarin da ya haɗa ƙasashe. Tashar kwantena aka ba kamfanin Bolloré a 2009, a 2018 kuma aka damƙa gudanar da tashar ruwan baki ɗaya ga hukumar tashar Antwerp ta Beljiyam.

Abin da bai tafi ƙetare ba ya tafi ga na kusa. A 1999, bayan Kérékou ya dawo mulki ta hanyar zaɓen 1996, aka sayar da mafi yawan hannun jarin SONACOP ga kamfanin attajiri Séfou Fagbohoun, cinikin da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa har gwamnati ta karɓe ragamar kamfanin a 2006. Auduga, babbar hajar da ƙasar ke fitarwa, ta fi nuna yadda abin ke tafiya. SONAPRA ta gwamnati ce ke riƙe da ita daga iri har jirgi. A farkon shekarun 1990 aka buɗe wa 'yan kasuwa shigo da taki da maganin ƙwari, sannan aka ba su izinin kafa injinan gurza, a 2008 kuma aka miƙa masana'antun gurza goma na SONAPRA ga sabon kamfani SODECO. A kowane mataki sunan da ke gaba shi ne Patrice Talon, wanda ya fara da sayar wa hukuma kayan noma. A 2012 suka ɓata da shugaban ƙasa Boni Yayi, gwamnati ta sake ƙwace harkar audugar, ta kuma soke kwangilar tantance kayan tashar ruwa da kamfaninsa ke yi. A 2016 Talon ya zama shugaban ƙasa, harkar ta koma hannun 'yan kasuwa. Cikin shekara takwas auduga ta sauya hannu sau uku, kuma ba farashi ne ya yanke hukunci ko sau ɗaya ba.

Mutanen Zango da takwarorinsu ba su sayi masana'anta ko guda ba, ba a kuma yi gwanjon da su a rai ba, domin yana buƙatar takardun banki da lissafin shekaru da lauya. Abin da sauyin ya ba su yawan kaya ne. Da aka saki shigo da kaya, motocin hannu daga Turai suka malalo, har a shekarun da cinikin ya kai ƙololuwa wajen 300,000 ke sauka a shekara. Manyan masu odar yawanci 'yan Labanan ne, filayen ajiyar suna kan hanyar Seme, takardun da yawa suna cewa Nijar za a kai su, amma mai saye yana Kano ko Kaduna ko Sakkwato. Tsakanin bakin ruwa da wannan mai saye akwai dogon layi na dillalai da 'yan canji da direbobi da 'yan fito, kuma a nan harshen Hausa da tsohon tsarin maigida suka yi aiki: baƙo ya sauka, a tsaya masa, a canza masa naira, a haɗa shi da direban da zai ratsa Godomey ya kwana a hanya ya kai mota Gaya ko Ƙonni ko Maraɗi. Ko da aka daina karɓar takardun sefa da suka fita yankin a 1993, aka kuma karya darajarta da rabi a Janairun 1994, ɗan canji ne ya daidaita lissafin kafin banki ya farga. Shinkafa ma haka. Benin ta shiga sahun gaba na masu sayen shinkafar Thailand a duniya, mafi yawanta turararriya, irin da ake ci a Najeriya.

Mai ƙin wannan bayani zai fara da cewa an yi wa fasa-ƙwauri kwalliya ne kawai. Yana da hujja, kuma mai karatu a Kano ko Kaduna ya fi kowa saninta. Masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi ta a 2007, dubban magidanta suka rasa aiki, yayin da Kantin Kwari ke cika da yadin da ya shigo ta bayan gida. Manomin shinkafa a Kebbi shi ma ya ji a jikinsa. Ba daidai ba ne a ce cinikin bai cuci kowa ba. Sai dai a lura da inda ribar take tsayawa. Ratar farashin da ake ci gwamnatoci biyu ne suka haƙa ta, ɗaya da haramci ɗaya da sassauci, kuma kaso mafi tsoka yana zama wurin mai jirgi da mai odar da baitulmalin Benin da jami'an da ke kan shingaye ta kowane ɓangare. Ɗan fito shi ne na ƙarshe a rabo, na farko a kamu. Masaƙun kuma rashin wuta da tsadar man injin da tsofaffin na'urori sun riga sun kwantar da su kafin yadin waje ya ƙarasa su. In ɓarawo ake nema, ai rami ma bai rasa nasa laifin ba.

Wani kuma zai ce duk da haka kasuwa ta yi rana: bankuna suna biya, albashi yana fita, audugar Benin ta haura tan 700,000 a shekara har ta zama ta ɗaya a Afirka a wasu shekarun, tashar ruwa ta fi da sauri. Gaskiya ne, kuma wanda ya ga 1989 ba zai so a koma ba. Amma wannan yana nuna cewa sabon mai ƙofa ya fi tsohon iya aiki ne, bai nuna ƙofar ta zama ta kowa ba. Manomin auduga a Banikoara har yanzu wuri ɗaya yake karɓar taki bashi, wuri ɗaya yake kai amfaninsa, a farashin da aka yanka kafin ya girbe. Da hukuma ce a wancan gefen teburin, yanzu kamfani ne.

Ƙorafi na uku ya fi nauyi, domin ya shafi gidan fataucin kansa. In har yana da ƙarfi haka, me ya hana shi zama kamfani ya shiga gwanjon? Wani ɓangare na amsar yana cikin ginin gidan. Jarinsa amana ce da ke rataye a wuyan mutum ɗaya, ranar da maigida ya rasu a raba gado, yara su watse kowa ya kafa nasa, sunan ya fara daga tushe. Ga kuma ƙyamar bashi mai ruwa, da kasancewar da yawa daga cikinsu baƙi ne da ke gina gida a Dosso ko Sakkwato da ribar da suka samu a Kwatano. Amma akwai lissafi a ciki, ba gado kaɗai ba. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Benin da wasu ƙasashen Afirka suka sa wa hannu a 1993, ta ƙirƙiro rajista mai sauƙi don ƙananan 'yan kasuwa, kuma wajen 2014 gwamnati da Bankin Duniya suka gwada ta a Kwatano, kyauta, har da taimakon buɗe asusu da shawara kan haraji. Ko a cikin waɗanda aka yi wa duk wannan gata, waɗanda suka yi rajistar ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Mutanen da suka ga an ƙwace gidajen mai a 1974, ajiya ta narke a 1989, kamfanin ICC Services mai ofis da takardu ya cinye wa jama'a fiye da sefa biliyan 100 a 2010, auduga ta sauya hannu a 2012, suna da dalilin ganin cewa abin da hukuma ke iya ƙirgawa shi take iya ɗauka. Farashin wannan dabara shi ne zama ƙarami har abada, da rashin kotun da za a kai ƙara ranar da amana ta karye.

Kada kuma a kumbura rabon Hausawa a wannan tarihi. Manyan cinikin iyaka na kudu na Yarbawa da Gunawan Porto-Novo ne, yadi da kayan masarufi na Dantokpa matan Fon da Mina da Yarbawa ne ke juya su, gwanjo na Inyamurai ne tun bayan yaƙin Biyafara. Ƙarfin Zango yana kan dabbobi da albasa da canji da sufuri da duk abin da ya fuskanci arewa. Tsarin dai ɗaya ne a wurin dukansu.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa gwamnati ba ta taɓa barin ƙofa ba, ko da ta sayar da abin da ke cikin ɗaki. Najeriya ta hana shigo da motoci ta ƙasa daga Janairun 2017, filayen motocin Kwatano suka yi shiru. Ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta cire tallafin mai a Mayun 2023, farashin kpayo ya yi tsalle cikin kwanaki. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar Malanville bisa takunkumin ECOWAS, da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 kuma Yamai ta ƙi buɗe nata ɓangaren. Kowane mai dukiya ya ji abin gwargwadon girmansa. Manyan masu odar Nijar suka karkata zuwa Lome, kayansu na ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji. Masu tireloli ɗaya ko biyu suka yi watanni motocinsu na tsaye, ƙananan fatake suka koma sauke buhu a bakin kogi ana haye da shi a kwalekwale. A Mayun 2024 Benin ta hana loda ɗanyen man Nijar da bututun kamfanin CNPC na gwamnatin Sin ke kawowa daga Agadem zuwa Seme, tafiyar kusan kilomita 2,000. Wakilan Sin suka sauka Kwatano, cikin kwanaki aka loda jirgin farko. Gadar da albasa da tumaki da motocin hannu ke bi kuwa har shekarar ta ƙare ba a buɗe ta ba.